Filin da Yaya Ya Saya a Bakin Teku

Yayana ya fi shekara ashirin a Dubai yana ɗaure kaya a wani kamfanin kago, na jigilar kaya, kullum teku na gefensa, amma har ya koma ga Allah bai taɓa sa ƙafa a ciki don nishaɗi ba. Ni ce autarmu. Shi ya ɗauko ni daga Kano, ya samo mini aiki a wani kantin magani a Al Nahda, kuma shi kaɗai ya iya haƙuri da bakina, don ni dai ban iya ganin abu in yi shiru ba.

Matarsa ba Bahaushiya ba ce. 'Yar wani ƙauyen masunta ce a kan tsibiri, can gaɓar gabashin Afirka, aikatau ya kawo ta nan suka haɗu. Anti nake ce mata. Allah bai ba su haihuwa ba. Ɗaki ɗaya suke haya a Abu Hail, falo ne aka raba da katako, amma ranar da ta dafa shinkafa da madarar kwakwa har maƙwabtansu 'yan Nijar sai sun leƙo gaisuwar da ba ta da dalili. Da ciwo ya ci ƙarfinta ta ce a kai ta gida. Yaya ya sa ta a jirgi da niyyar zai bi ta da zarar an ba shi hutu. Hutun bai fito ba sai bayan an binne ta da kwana tara.

Kwana uku ya yi a tsibirin. Ranar da ya dawo na kai masa abinci, na same shi zaune a bakin katifa da wata takarda a leda.

"Auta, na sayi fili."

"A ina? A Kano?"

"A garinsu. Ƙasa da maƙabarta kaɗan. In ka tsaya a tsakiyarsa kana hango kabarinta."

Ban ga laifinsa ba. Dubai gari ne da ba a tsufa a cikinsa, ranar da aikinka ya ƙare bizarka ta ƙare, halas, wato shi ke nan, sai ka tattara. Gidanmu na Kano kuwa tun rasuwar Baba aka sayar aka raba. Yaya ya ce wani ɗan uwanta na nesa ne ya sayar masa. Da ƙafarsa ya auna, taku arba'in a tsaye, talatin a kwance, ya kafa duwatsu a kusurwa huɗu yadda ake yi a gida. Burinsa ɗaya: ya gina ɗaki biyu, ya ƙarasa kwanansa a nan, in ta Allah ta kasance a kwantar da shi kusa da ita.

Bayan shekara biyu muka tafi tare don a haƙa tushe. Kai, wannan tafiya! Jirgin sama, sannan mota yini guda, muka kwana a bakin gaɓa, da asuba muka shiga kwale-kwale mai inji tare da buhunan gari da akuya biyu. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta, na yi amai har na daina jin kunya. Ƙauyen ba mota, ba wuta, rijiya ɗaya ce kuma ruwanta da ɗan gishiri. Ko'ina kifi aka shanya. Kawun Anti ne ya sauke mu, dattijo mai farin gemu wanda ya yi aikin jirgin ruwa a ƙuruciya, da guntun Larabcinsa da namu muke fahimtar juna.

Yaya ya fara zuwa kabarin. Da ya dawo idonsa ja, ya ce in zo in ga wuri. Farin yashi ne shimfiɗe, gwanin kyau, teku can nesa. Duwatsunsa biyu kawai muka samu. Bai damu ba, ya ɗauki kara yana zana mini inda ƙofa za ta kalla, da ɗakin da zai zama nawa in na zo hutu. Na ga jiragen masunta kwance a kan yashin, an ɗaure su da igiya a jikin turaku.

"Yaya, me ya sa suke ɗaure jirgi a busasshiyar ƙasa?"

"Gyara suke yi," ya ce.

Bayan la'asar ruwan ya zo. Ba igiya, ba ƙara, haka ya riƙa matsowa a hankali kamar an tuntsurar da randa a tsakar gida. Ya shafe zanen ƙofar, ya shafe ɗakina, jiragen nan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Yaya na tsaye a tsakiyar filinsa, ruwa ya kai masa idon sawu, ya kai ƙwauri, bai motsa ba. Mutanen gari sun taru a tudu suna kallo. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, dariya ta ƙwace mini.

"Yaya, ashe gonar kifi ka saya!"

Da Hausa na faɗa, ba wanda ya ji ma'anar sai shi. Amma dariya ba ta bukatar tafinta. Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Har yau in na tuna kallon nan sai abinci ya fita raina.

Kawu ne ya shiga ruwan ya riƙo hannunsa. A zaure ya yi mana bayani. Ya tambayi Yaya nawa ga wata ya zo wancan karon. Yaya ya ce bakwai ko takwas. Dattijo ya girgiza kai. Ya ce a irin waɗannan kwanaki ruwa ba ya hawowa sosai, wurin kan yi kwana huɗu ko biyar a bushe. Amma tsayuwar wata da tsakiyarsa, sau biyu a yini teku ke karɓar abinsa. Ranar sha huɗu ga wata ce. Mu da muka taso a tudu, wata na azumi ne da salla, wa ya taɓa gaya mana yana da hulɗa da ruwa? Wanda ya sayar da filin kuwa ya daɗe da barin garin, kuma bai gaya wa kowa ba.

Sai Kawu ya ce: "Ɗana, ɗakin da matarka ta girma a ciki yana nan ba kowa. Zo ka zauna. Kabari kuma a nan ba a sayen sa, wanda ya mutu a cikinmu namu ne."

Na ce a raina alhamdu lillahi, an gama. Yaya ya yi godiya, ya sunkuyar da kai. Da muka fito na ce masa ya karɓa mana, me ya fi wannan?

"Da gemuna in tare a gidan surukai? Don ki ƙara samun abin dariya?"

Ya ce zai cike wurin da duwatsu har ya fi ƙarfin ruwa. Da muka dawo Dubai, maimakon ya ajiye aiki kamar yadda ya shirya, ya sabunta kwantiraginsa na shekara biyu. Ya rage cin abinci, ya koma gado mai hawa a ɗakin mutum shida a Al Kusais. Na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce ruwan da ya ɗaga jirgi dutsen wa zai bari? Sai ya yi murmushi ya ce komai ya wuce. Ya rataye kalandar Musulunci a saman gadonsa. Wani lokaci ina tsakiyar sallamar masu sayen magani wayata za ta yi ƙara.

"Auta, yau takwas ga wata. Filina yana waje."

Saura wata biyar kwantiragin ya cika, ya faɗi a wurin aiki da hantsi, zuciya ce. Kafin in sauka daga tasi ya cika. Na tambayi yadda za a kai shi tsibirin, aka ce ba ɗan ƙasar ba ne, takardun kaɗai sai su ci makonni, kuma gawa ba ta jira. A maƙabartar Al Kusais aka binne shi, cikin busasshen yashi, tsakanin baƙi irinsa.

Da na yi shiru a ranar da ruwa ya shafe filin, da wataƙila ya karɓi ɗakin nan. Mutane suna ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na sani, ban musa ba. Amma inda kwanan ya ƙare, da bakina a ciki.

Takardar tana cikin akwatina a ledarta. Kalandar kuma na rataye ta a bayan ƙofata, ban san dalili ba, kullum sai na duba kafin in fita aiki. Yau takwas ga wata. Filin Yaya yana waje.