Baƙin Mai a Shanyar Shinkafata

Matso kusa ka ji, don maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce, mai ita maƙwabcinmu ne a nan Minanata, katanga ɗaya ta raba mu.

Ni dai sana'ata turara shinkafa. 'Yan uwanmu na ƙauye su kawo mini shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, in jiƙa, in turara, in baza a simintin tsakar gida ta sha rana, sannan a kai inji. Simintin nan shi ne gonata, shi ne kasuwata. To a kansa kuma Malam, maigidana, yake kwantar da tsohuwar motarsa, wadda ta girmi babbar ɗiyarmu. Kullum da safe in ya fita da ita sai ta bar mini baƙin tabo kamar wata akuya ta kwana a wurin. In zuba yashi, in kankare, in wanke da omo, gobe ma haka.

Na yi ta haƙuri har ranar da mai tuwon da ke sayen shinkafata a Gidan Igwai ta aiko mini da malmala guda a leda, ta ce in ɗanɗana. Na kai baki. Wallahi har yau in na tuna sai yawu ya taru mini. Warin gareji ne sak, mai ɗaci, mai maƙalewa a dasashi. Ta ce in aka sake, ta bar saye.

Ba wai Malam bai kai gyara ba. Yana kaiwa. Amma wurin mutum ɗaya yake kaiwa, bakaniken nan maƙwabcinmu, wanda suke sahu ɗaya a masallaci tun suna samari, Malam ne ma ya raɗa wa 'ya'yansa suna. Kowane zuwa, sai ya shiga ƙarƙashin mota ya shafa wani abu a tukunyar mai ta ƙasa, ya ce an gama. Na ce, "Malam, a gwada wani mana." Ya dube ni kamar na yi saɓo. "In kai ma wani, in haɗu da shi ga asuba in ce mishi mi?"

Ana haka ƙanen Malam, direban babbar mota, ya sauka gidanmu. Tsakanina da shi sai tsiya. Ya tarar da ni duƙe ina kankara, ya ce, "Matammu, sabuwar sana'a anka samu? Kwalta kike zubawa?"

Na ce, "Kai dai ci tuwo ka sani. Motar yayanka ta ka kashe ni."

Ya leƙa ƙarƙashinta ya fito yana tofar da yawu. Ya kira ni in gani, na durƙusa na leƙa. Ƙazanta! Gam a kan gam, busasshen sabulu an cusa a kowace kafa, tsumma an naɗe, har da leda, duk sun jiƙe sun yi baƙi suna naso kamar tsohon gyambo. Ƙudaje ma ba su sauka ba.

Ya ce a kawo kananzir da buroshi. Shi da Malam suka tura ta waje, suka wanke injin tun daga sama har ƙasa, baƙin ruwa na gangarawa kwata. Da ya bushe sai ya ce, "Matammu, ba ni toka da rariyarki."

"Rariyar tuwona? Ba ka da hankali."

"Tsohuwar rariyar dai, rowa ta yi miki yawa."

Na ba shi. Ya tankaɗe tokar murhuna a jikin injin har ya yi fari fat, ya ce Malam ya tayar. Muka tsaya mu uku muna kallo. Can sai ga wani siririn baƙin zare ya keto farin tokar, ba daga ƙasa ba, daga can sama, gefen murfin injin ta baya. Ya gangaro a hankali, ya bi jikin ƙarfe, ya je ya taru daidai inda aka yi shekaru ana shafa sabulu.

Da ƙanen ya kwance murfin, maimakon robar da ake sawa a bakinsa, kwali muka tarar, an yanka da reza an shafe da gam, ya ruɓe ya zama kamar dusa. Malam ya daɗe yana kallonsa. Abin da ya ce kawai, "Ƙila lokacin ba a samu robar ba." Ni kuwa na koma gefe.

Suka sayo sabuwar roba, ƙanen ya kankare bakin murfin tas, ya ɗora, ya bi notuna yana ɗaurewa kaɗan kaɗan. Washegari siminti fes. Na wanke shi da ruwan zafi, na yi shanya, mai tuwo ta ci gaba da aikowa.

Ka san abin da Malam ya yi? Bakaniken ya tare shi a ƙofar masallacin da ke jikin gidanmu ya ce ya ga mota ta bar zuba. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi, aikinka na ƙarshe ya kama." Har da godiya. Ni ina jin su ta katanga.

Yau da safe kuma Malam ya ce lokacin juyen mai ya yi, ya kai wa bakaniken ita. Ga shinkafata can a baze, ga shi ina jin ƙarar motar ta shawo kwana, yana danna oda a buɗe masa ƙofa. Don Allah, in kai ne, za ka tashi ka buɗe?