Ramin da Baba Ya Haƙa, Turken da Suka Kafa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku, wanda mutanen kulob ɗin golf suke kira Ammu Ishak, wato baffa Ishak da Larabci. Duk shekara idan sanyi ya shigo Khartum sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in sake ajiyewa. Ba abin faɗa na rasa ba. Matsalar ita ce ba yadda zan ba da labarinsa tsakani da Allah ban tona wa kaina asiri ba. Bana dai na gaji da ɓoyo.

Baba bai taɓa buga ƙwallon golf ba ko sau ɗaya. Leburan auduga ne daga Jazira, a kambo aka haife shi, wato unguwar bukkoki ta masu aikin gona. Rabin rayuwarsa ya ƙare ne a yaƙi da kiri-kiri, ciyawar nan da Larabawa suke ce wa najila, wadda in ka cire ta yau, jibi za ta tsiro tana maka dariya. Da aikin gona ya lalace muka dawo Jabal Auliya, sai wani ya kai shi wani filin golf a bayan gari inda ake neman wanda ya san hannun ban ruwa. Ran nan ya dawo gida yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce wa Inna ya samo mutanen da za su ɗauke shi aiki ya shuka kiri-kiri, ya shayar da ita, ya yi mata aski. Inna ta ce to Allah ya ƙara musu hauka.

Ba zan ambaci sunan kulob ɗin ba, ko na gasar da ake yi a cikinsa, tunda duka biyun sun mutu. Gasa ce ta ƙwararru, waɗanda wasan ne abincinsu, sau ɗaya a shekara a tsakiyar sanyi, kwana huɗu. Da farko a kan yashi ake bugawa, yashin da aka daɓe da baƙin mai, kuma ba mai zuwa sai 'yan gari da baƙin da aiki ya zaunar da su a birni. Da ciyawar Baba ta kama, sai labari ya bazu. 'Yan wasa suka fara zuwa daga Masar da Kenya da Habasha, otal-otal suka cika, manyan da ba su san kan wasan ba suka sayi huluna suka zo kallo.

Shi kuwa da dugadugansa yake aiki. An kafa masa injinan fesa ruwa, amma bai taɓa yarda da su ba. Sai ya tuɓe takalmi ya taka kowane dandali, wato shimfiɗar lallausar ciyawa inda ƙwallo ke ƙarewa, ya danna diddige, ya ce nan ta ƙoshi, can tana jin ƙishi, kamar yadda yake yi a gonar auduga. Babban aikinsa kuma shi ne rami. A wannan wasa, kowace safiya ta gasa sai an haƙa sabon rami a kowane dandali, ɗan ƙarami kamar bakin kofi, a soka tuta a ciki. Akwai wani ƙarfe mai hannu biyu da ake murzawa ya ciro ƙasa a dunƙule. A takarda kwamiti ne ke zaɓar inda za a haƙa, amma kowa ya san Ammu Ishak ne. Bayan sallar asuba zai fita da ƙarfen a kafaɗa, kafin rana ta ɗaga ya gama goma sha takwas, ya wanke hannu, ya sa farar jallabiyarsa ya tsaya a gefe. Na taɓa tsokanarsa na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kofi. Ya ce a'a, duk gwanintar mutum, inda shi ya haƙa nan zai zo ya durƙusa.

Shi ya samo mini aiki a ofishin kulob ɗin, ina buga wasiƙu. Da bai yi ba, da yau ina cikin masu kuka da hannu mai tsabta.

Shekarar da abubuwa suka tsuke, kamfanin da ke ɗaukar nauyin gasar ya janye, 'yan wasa na waje suka daina amsa gayyata. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa gasa ta ƙare ke nan har abada, fili kuma za a yanka shi fuloti-fuloti a sayar. Ni na buga takardar da hannuna. Da na miƙa wa sakatare, Ustaz Awad, mutum mai sanyin murya wanda ke zuwa gidanmu shan shayi ran sallah, sai ya tura ƙofa ya ce:

"Ya bitti, 'yata, kada Ammu Ishak ya ji wannan. Tsoho ne, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Kuma in ciyawar nan ta bushe, wa zai kalli filin?"

Maganar farko na riƙe don in samu barci, amma ta biyun ce gaskiyar, kuma na san haka tun a lokacin. Ya ƙara da cewa kujerata tana nan muddin bakina yana rufe. Shi ya je ya gaya wa Baba wai an ɗaga gasa zuwa baɗi. Da yamma Baba ya tambaye ni a gida, tunda ni ke ganin takardu, ko haka ne. Na ce haka ne, sun ce baɗi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ni ce 'yar garin.

Shekara uku ana wannan baɗi. An sallami sauran ma'aikata, injinan ruwa suka lalace ba a gyara ba, sai Baba ya koma dabarar Jazira, ya ja ƙananan magudanai da fartanya daga bakin famfo har dandali na ƙarshe. Bayansa ya ranƙwafa a wannan aikin. Kowane sanyi, a makon da aka saba gasa, sai ya haƙa ramukansa goma sha takwas ya kafa tutoci, wai kada a wayi gari baƙi su sauka a ce Ammu Ishak bai shirya ba. Ustaz Awad kan zo da mutane a manyan motoci, Baba ya tarye su da murna, yana zaton sababbin masu ɗaukar nauyi ne. Har durƙusawa yake yi ya shafa ciyawar ya ce su taɓa su ji laushi. Masu sayen fili ne, kuma ni ke kai musu shayi.

A sanyi na uku, da hantsi, ya gama haƙa ramuka ya sa farar jallabiya, sai ga masu awon fili da igiya da turakun siminti. Ina kallo ta tagar ofis. Suka auna suka auna har suka iso dandali na ƙarshe, kusurwar wani fuloti ta faɗo daidai kan ramin da ya haƙa da asuba. Ɗayansu ya zare tutar ya jefar, ya zura turke a ramin, turken ya zauna daram kamar an auna. Har mutumin ya yi dariya ya sa wa wanda ya haƙa albarka, wai ya rage musu aiki. Baba ya ƙaraso wurin. Ya ɗauki tutar ya kaɗe mata ƙura ya naɗe, ya saɓa ƙarfensa, ya bi hanyar tasha. Bai sake taka filin ba.

Wajen shekara guda ya yi bayan nan, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma na yi lamo. Sai wata la'asar, muna zaune a gindin darbejiya, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, na kasa haƙuri na ce masa Ustaz Awad ya cuce shi, Allah ya isa. Sai ya ce:

"Awad cinikinsa ya yi, ba ni na haife shi ba. Ke na tambaya."

Ya ce tun shekara ta biyu jikinsa ya ba shi, don bai taɓa ganin mai son wasa yana auna fili da taku ba. Na ce to me ya sa ya ci gaba da wahala? Ya ce ita ciyawa ba wanda ya gaya mata an fasa. Kuma ya ce yana jira ne ya ga ranar da zan zo da kaina in faɗa masa. Ban zo ba, sai da masu turke suka riga ni.

Ya yafe mini kafin ya cika, ya faɗa a gaban Inna. Amma yafiya daban, mantuwa daban, kuma ni ban yafe wa mutanen nan ba. Mutumin da ya yi shekaru yana raya musu suna, sun mai da shi mai yi wa hajarsu kwalliya, suka kuma ari bakin 'yarsa suka yi masa ƙarya da shi. Ran jana'iza ko mutum ɗaya daga kwamiti bai zo ba. 'Yan kambo ne suka cika ƙofar gida, mutanen da ba su taɓa ganin tutar golf ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yaƙi ya watsa mu, Khartum da Omdurman suka zama wuraren da ake tambayar wa ya rage. Ustaz Awad yana ƙasar waje, yana sa tsofaffin hotunan gasar a waya yana kukan zamanin da ya wuce, kamar ba da sa hannunsa aka binne ta ba tun kafin a harba harsashi ɗaya. A ɗaya daga hotunan, can a gefe, ana ganin rabin farar jallabiya da ƙafa ba takalmi. An yanke sauran. Ina jin da Baba ya gani dariya zai yi, ya ce ai ƙafar ce mai aikin.

Da hanya ta buɗe na koma Jabal Auliya. An kwashe gidanmu tas, har ƙofofi, amma an bar ƙarfen haƙa rami a bayan ɗaki, ga alama ɓarayin ba su san ko na mene ne ba. Na kuma je filin. Gidajen da aka fara ginawa suna tsaye ba rufi, masu su sun gudu. Kiri-kiri kuwa ta cinye ko'ina, ta shiga falo, ta hau matakala, ta bi tsofaffin magudanan Baba ɗaya bayan ɗaya. Na nemi dandali na ƙarshe, na yaye ciyawa da hannu har na samu turken, ya karkace ta naɗe shi.

Ba kofi da sunansa, ba allo, gasar ma yaran yanzu ba su san an yi ta ba. Abin da ya rage nasa shi ne ciyawar da ya ƙi jini sannan ya raina, da ƙarfe guda, da tambaya guda da ya yi wa 'yarsa. Na tuɓe takalmi na danna diddige a wurin kamar yadda yake yi. Ƙasar tana jin ƙishi. A nan na durƙusa na faɗa masa abin da ya yi shekara biyu yana jira: Baba, ba za su zo ba, an fasa, ni na buga takardar.