Daga Yamai zuwa Zermu, Fuska a Kife

Rana ta farko: Yamai zuwa Maraɗi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba motarmu ta bar tashar Yamai. Ni da mai ɗakina Mariyama muka samu kujerun tsakiya, inda jijjiga ba ta da yawa. Ta ɗora mini matashi biyu a kan cinya, na kifa goshina a kai, direba ya ce bismillah, muka ɗau hanya.

Kwana huɗu ke nan da yi mini aiki a idon dama. Tantanin da ke can ƙuryar ido, wanda gani yake sauka a kansa, shi ne ya ɓamɓare. Likita ta mayar da shi, ta hura kumfar iska a cikin idon don ta danne shi har ya kama. Ita iska kuwa sama take yi, saboda haka sai fuska tana kallon ƙasa kumfar za ta tokare wurin. Kwana goma ta yanka mini, ba ɗaga kai sai lokacin ɗiga magani. Har jirgin sama ta hana ni shiga, sai ka ce da ma na saba.

Wannan shi ne aiki na biyu. Na farko ni na ɓata shi da kaina. Masu gaisuwa suna shigowa ina ɗagowa, wai ni tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ba zan amsa gaisuwa kamar ɓarawon da aka kama ba. Da na koma, likitar ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, idon nan ba zai ɗauki aiki na uku ba." Ta yarda in tafi in kama azumi a gida, da sharaɗin mu raba tafiyar gida biyu.

Wajen ƙarfe bakwai, kilomita ɗari da arba'in daga Yamai, jandarmomi suka tsayar da mu a bakin Doso. Na ga baƙaƙen takalma sun tsaya kusa da nawa.

"Tsoho, ɗago mu ga fuska. Ta yaya zan gwada ka da hoton katin shaida?"

"Ranka ya daɗe, ba zai ɗago ba," in ji Mariyama. "Ga takardar likita. In fuskar kake so, sai dai ka sauko inda take."

Bawan Allah nan ya durƙusa, ya leƙo ni ta ƙasa kamar mai neman ƙwai a akurki. Muka haɗa ido, dariya ta kama shi. "Shi ne. Allah ƙara sauƙi, Baba."

Na san hanyar nan tun ina ɗan shekara goma sha takwas. Farkon zuwana Yamai a saman motar gyaɗa na yi shi, kwana uku, ina zaune kan buhu ina ƙirga garuruwa da baki buɗe. Yau ga ni cikin mota mai sanyi, abin da nake gani bai wuce yatsun ƙafata da ƙwallon dabinon da wani ya yar ba. Amma hanci da kunne ba su manta ba. Da mota ta fara hawa tana nishi na ce Dogon Dutsi ke nan. A Ƙonni muka tsaya cin abinci ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, Mariyama ta damo mini fura na sha da bututun roba. Galmi kuwa ba sai an faɗa mini ba, warin albasa ya riga kowa sallama.

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma muka sauka Maraɗi, gidan Alhaji Sani, ɗan kawun Mariyama. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, amma da ya ga na miƙe rub da ciki a kan katifa sai hankalinsa ya tashi.

"Haba Malam, kai da ka yi karatu! Wannan ai kwanciyar da aka hana ce. Juya, ga matashi mai laushi."

"Alhaji, lalura ce. Rigingine ita ce haramun a gare ni yanzu."

Bai gamsu ba sai da ya aika aka tambayi limamin unguwa. Amsa ta dawo cewa mara lafiya ya bi maganar likitansa.

Rana ta biyu: Maraɗi zuwa Damagaram

Ƙarfe bakwai muka tashi. Wuyana ya sanƙare kamar an ɗaura mini turmi. Bayan Tasawa na fara lissafi a zuci, domin ƙasar Garagumsa muke nufa, inda aka fara tura ni koyarwa. Can na yi shekara shida a rumfar zana, ƙarƙashin wani gawo da ke bakin hanya. Can kuma aka kawo mini Mariyama, muna da tukunya ɗaya da fitilar ƙwai.

"Hajiya, gawon nan yana nan?"

"Yana nan, Malam, har ya ƙara girma."

Sai wani fasinja a bayanmu ya tsoma baki: "Wane gawo? Ai wurin ya zama gidan mai tun tuni."

Na ji kaina yana tasowa ba da sanina ba. Tafin Mariyama ya sauka a ƙeyata, ba da ƙarfi ba, amma ya zauna. Na mayar da goshina kan matashi, na bar ta da ƙaryar da ta yi mini. Na yi kewar wurin nan ƙwarai.

Damagaram zuwa Zermu

Goma sha ɗaya da rabi muka shiga Damagaram. Muka jira ƙaramar motar ƙauye ta cika, ba ta tashi ba sai bayan azahar. Direban ya taɓa zama ɗalibina, ya lallaɓa ramuka saboda ni har fasinja suka fara gunaguni. Muka ratsa Mirya, na ji danshin lambuna. Bayan la'asar muka sauka a ƙofar gida.

Ban huta ba sai ga sallamar Haru, abokina tun na yarinta, da dattawa biyu. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban ce. A garinmu duban wata aikin gidanmu ne. Mahaifina shi yake hawa falalen dutsen da ke bayan masallaci, bayansa ni na gada, kuma shekara arba'in ba wanda ya taɓa riga ni gani.

"Malam, idon hagu ai lafiyarsa lau," in ji Haru. "Ɗan ɗagowa ne kawai, minti nawa ne?"

Wallahi raina ya biya. Amma na san ba a duban wata da gaggawa, tsayuwa ake yi ana tace sama tun faɗuwar rana. Kuma da irin wannan ɗan ɗagowar na ɓata aikin farko.

"Ku kai ni," na ce, "amma kai na ƙasa."

Suka riƙe ni har kan dutsen, aka shimfiɗa mini buzu. Gari duka ya ɗaga kai, ni kaɗai nake kallon tururuwa.

"Haru, ina rana ta faɗi?"

"Dama da kukar maƙera."

"Miƙa hannunka. Daga nan ka auna yatsu huɗu sama, ka ɗan karkata hagu. Kada ka ƙura ido, bar shi ya zo maka da kansa."

Haka mahaifina ya koya mini a kan wannan dutsen, hannunsa a kafaɗata. Kowa ya shiga dube. Can sai muryar Haru ta tsage: "Ga shi! Wallahi ga shi can!" Kabbara ta tashi, mata suka ɗau guɗa daga cikin gidaje. Ni kuwa hawaye na ga suna ɗiga a kan buzu, daga ido mai lafiyar da mara lafiyar duka. Ban ɗago ba.

Haru ya zauna kusa da ni yana haki. "Shekara arba'in ina jiran ranar da zan riga ka, ashe sai an kife ka kamar ƙwarya."

"Ka more wannan," na ce. "Na Salla nawa ne, in Allah ya kai mu."

Da kwana goman suka cika muka koma Damagaram aka duba idon, aka ce tantanin ya kama. Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da mu lafiya. Allah saka wa likitar nan da duk wanda ya ɗauki nauyinmu a hanya, Allah kuma saka wa Mariyama, wadda har yau take rantsuwa cewa ita ta ga gawon.