Amyoyin Inna Mevlida

Shekara talatin Zijad Kulovac ya yi yana aikin ɗan sanda a garinmu, bai taɓa tsallaka iyaka sanye da kaki ba. Iyakar kuwa hanyar burji ce kawai a bayan maƙabarta: nan ɓangaren Tarayya, can ɓangaren Srpska, ƙasa ɗaya amma kowane ɓangare da 'yan sandansa.

Wata safiya Mevlida, tsohuwar da ke rayuwa da sayar da zuma, ta tarar an kwashe amyoyinta goma sha biyu. Sawun mota ya nufi wani lambu a can ɓangaren, tafiyar kilomita biyu.

"Zijad, ɗana, ga lambun can ina hangowa! Ƙafarka ce ta karye?"

"Ƙafata lafiya lau, Inna. Hurumina ne ya ƙare a bakin hanya."

Takardar neman taimakon 'yan sandan can kan ɗauki mako uku, kafin nan an sayar da amyoyin. Amma Zijad ɗan mai kiwon zuma ne, ya san abin da ɓarawon bai sani ba: idan ba a yi nisa da amya sosai ba, ƙudan zuman da suka fita kiwo tsohon wurinsu suke komawa. Ya jera akwatuna a inda amyoyin suke a da. Kafin azahar sun cika da ƙuda, sai dai babu sarauniya, kuma in babu ita kwanakinsu kaɗan ne.

Ya kira Radenko, takwaransa na can, suka tsaya a bakin hanyar, kowa a gefensa.

"Ba na shiga lambun mutum ba hujja, tsoho," in ji Radenko.

"Ɗaga kanka, malalaci. Ga shaidu dubu suna wucewa."

Radenko ya bi layin ƙudan da ido, daga lambun har gidan Mevlida. Ya gyara hularsa, ya tafi.

Da la'asar ya dawo da amyoyin a motar mai lambun, fuskar Radenko a kumbure da harbin ƙudan zuma. Ya sauke su daidai tsakiyar hanya, Zijad ya miƙa hannu ya jawo su ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun mutu saboda jijjigar hanya. Mevlida ta buɗe sauran goman, ta ga sarauniyar kowacce da idonta, sannan ta yarda ta zauna.