Ƙafafun da ke Ƙarƙashin Zane

Mu biyu aka ɗauka gwaji a ofishin, ni da wata 'yar Kiru da muka yi sakandare tare, gadonta a saman nawa. Ofishin ɗaki biyu ne a Tudun Wada, na wasu masu wayar da kan makiyaya. Tun ranar farko Malam, mai kula da wurin, ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: ɗaya za a riƙe a tura ta Kano kwas, ɗaya ta koma gida. Ni gida Doguwa ne, kuma na san abin da ke jirana can, surfe da wanke-wanke da kallon ƙofa.

Kwamfuta ɗaya ce, ita ma sai an tayar da janareta. A cikinta akwai wani furogiram mai mutum-mutumi, mace launin toka, ba gashi ba sutura, ta ware hannuwa kamar tela zai auna ta. Da maus, wato linzamin kwamfutar, ake kama gwiwarta ko wuyan hannunta a ja har ta tsaya yadda ake so, a buga ta a takarda, sannan a bi da tawada a yi mata fuska da kaya. Ranar da na fara ganinta kau da kai na yi, don Malam na tsaye. Abokiyar tawa kuwa sai ta leƙa ta ce, "Sannu Gwaggo, wa ya kwashe miki kaya da rana tsaka?" Malam ya yi dariya har da dafa ƙofa, sunan kuma ya bi ta. Ni ma ina da abin faɗa, sai dai kullum bayan an gama dariyar yake zo mini.

Aikin da aka ba mu hoton bango ne, mace tana tsugune tana tatsar saniya a cikin wankakkiyar ƙwarya. Saniyar an riga an zana ta. Tsugunon ne ya gagara. Wanda ya ƙera Gwaggo bai taɓa ganin mace ta tsuguna ba. Ta iya zama a kujera, ta iya gudu, ta iya riƙe ƙugu. Amma in ka ja ta ƙasa sai tafin ƙafarta ya nutse cikin daɓe. In ka naɗe gwiwar sai cinyar ta shige cikin cikinta, hannu kuma ya ratsa gwiwa ya fito ta baya kamar ba ƙashi. Wani lokacin tun safe kana lallaɓa ta, ka kusa, sai wani ɗan akwatin Turanci ya fito, komai ya daskare, a kashe a kunna, ka tarar da ita ta sake ware hannuwa tana jira. Ni nakan yi gumi har mayafina ya jiƙe. Ita kuwa 'yar Kiru tana cin gyaɗa take ja, tana yi mata faɗa. "Haba Gwaggo, ko surukinki ne ya shigo haka za ki gaishe shi?"

Ana cikin haka na je gida ƙarshen mako. A hanyar dawowa, cikin dajin Falgore, muka tarar da wata a-kori-kura a kife, ta kwaso mata 'yan kasuwa. Direbanmu ya tsaya, muka sauka. Akwai wata a bakin titi. Ƙafafunta sun naɗe ta inda ƙafa ba ta naɗewa, fuskarta kuma bayanta take kallo. Wata tsohuwa daga motarmu ta kwance zanenta na sama tana salati, ta lulluɓe ta, ta gyara gefe-gefen da kyau. Da muka koma mota na waiwaya. Daga nesa sai ka rantse mace ce ta tsuguna tana tsintar wani abu.

Ban faɗa wa kowa a ofis ba. Tsoro nake kada a ce ba ni da zuciyar aiki.

Washegari ni ce a kan kujera. Na kama ƙugun Gwaggo na ja ƙasa a hankali, yadda na saba. Ban san me na taɓa ba. Gwiwoyinta suka karye ta baya lokaci guda, kanta ya juya, ga ƙirji yana kallona ga fuska tana kallon bango. Na miƙe kujerar ta faɗi. Ban tsaya ba sai gindin darbejiyar bayan ofis, can na amayar da kokon da na sha.

Da na dawo 'yar Kiru ta riga ta zauna a wurina.

"Ke, lafiya? Gwaggo ce fa, ba cizo take ba."

Na ce cikina ne. Ta ce in sha jar kanwa, ta ci gaba da abin da take yi. Ina tsaye a bayanta. Ta juyo da kan Gwaggo ya koma daidai, ta kai hannuwan ga hantsar saniya. Ƙafafun ba ta taɓa su ba. Haka ta buga takardar, a karye. Sai ta ɗauki tawada ta ja zane tun daga ƙugu har ƙasa, baƙi mai ratsin fari, ta cika shi ya rufe komai. Ta yi kitso, ta sa 'yan kunne, ta ajiye ƙwarya.

Malam ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To ƙafafun fa? Na ga kamar ba su yi ba a kwamfutar."

Ta ce, "Yallaɓai, wa zai ɗaga zanen matar mutane ya duba?"

Ya yi dariyar nan tasa. A nan na san an gama.

Abin da ke cina har yau shi ne ni na fara ganin dabarar. Da idona na ga yadda zane ke mayar da karyayyun ƙafafu tsuguno, amma ni abin da na samu a ciki tsoro ne, ita kuma ta samu Kano. Ina kishin hannunta. Ina kishin bakinta. Na fi kishin barcinta, don ɗaki ɗaya muke kwana a gidan wata gwaggon Malam, kuma ita da ta sa kai shi ke nan. Ga shi ba ta yi mini komai ba. Ranar da Malam ya ce mini, "Kin fi ta haƙuri, 'yata, amma na ga injin nan tsoro yake ba ki," ita ta ɗaukar mini jaka har tasha, ta sayo mini rake. Da ma gori ta yi mini, da na samu inda zan ajiye abin da ke raina.

Na bi ta dajin da mayafi a fuska har muka fita.

Yanzu hoton yana manne a kasuwar Doguwa, daidai rumfar masu nono. Suna son shi. Na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta matar ta iya zama, kuma zanen irin na mutanensu ne. In Inna ta aike ni sayen nono nakan ce wa kaina ba zan kalla ba, in miƙa kwano kaina a ƙasa. Sai mai nonon ta ce, "'Yar boko, karɓi mana, kwanon zai zube," sannan in gane idona yana can a gefen zanen, inda ya taɓa ƙasa.