Watan da ban gani ba

Shekarun da kuɗin mai ya yi yawa, gwamnati ta turo Baba kwas Landan, ya taho da mu har da mahaifiyarsa, Iya. A gidanmu na unguwar Lewisham babu murhu, sai hitar gas. Gabanta Iya ke shimfiɗa buzu bayan an sha ruwa, ta miƙe ƙafa ta ce, "Ga ta nan, mai barci ya tashi."

Da ta ji makarantarmu za ta kai mu gidan kallon taurari na kan tudun Greenwich, ta juya tarihin da Baba ya ba ta ya koma tatsuniya. Wai wani sarkin Turawa ne jiragensa ke ɓata a teku. Ya gina ɗaki kan tudu, ya sa wani mutum leƙen sama ta bututun ƙarfe, yana rubuta inda kowane tauraro ke kwana. Daga nan jirage suka daina ɓata. Sai Iya ta dube ni ta ce:

"Ina suka nufa da suka gane hanya? Wurinmu. Mai leƙen sama, maigida, abin ƙasa yake nema."

Ranar ashirin da tara ga azumi muka je. Na ga madubin hangen nesa, tsawonsa ya fi ɗakinmu, amma an kewaye shi, ba a bar kowa ya sa ido ba. Ga hadari. Ni kuwa shekarata goma, azumi ya ishe ni, Baba kuma ya yi tafiya. Na dawo na ce na ga jinjirin wata ta cikin bututun.

Iya ta daɗe tana dubana.

"Da rana tsaka? Ina ƙahonsa ya karkata?"

Na nuna dama. Na ce wallahi.

"Bututun nan ban yarda da shi ba. Amma ka rantse."

Da safe ta karya, ta sa Mama dafa abincin salla. Da azahar Baba ya yi waya: ko a Kano ba a ga wata ba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Bututun ta yi ta tsine wa. Bayan salla ta tashe ni sahur ta ce, "Tashi ka taya ni ramuwa."

Mama ta ce yaro ne, babu ramuwa a kansa. Iya ta ce, "Wannan akwai."

Na daɗe ina ganin na tsira. Sai da na haifi nawa na gane ta sani tun daga rantsuwar, ta bar mini ƙofa ne in faɗa da bakina. Har ta rasu ban faɗa ba. Allah Ya yafe mini.