Alkamar Arba'in

A cikin lifta muka haɗu, a wani dogon bene da muka zauna a Sentul lokacin da maigidana yake karatun digirinsa na uku. Na dawo daga kasuwa hannu biyu duk leda, ƙaramin ɗana kuma ya sa lambobin lifta a gaba yana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Na daka masa tsawa da Hausa, don a Kuala Lumpur na saba faɗin abin da na ga dama, ba mai ji. Sai wata tsohuwar Baturiya da ke raɓe a gefe, baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, ta ce, "Haba, ƙyale shi mana, ai yaro ne."

Saura ƙiris in yar da ƙwan da na sayo. Ba irin Hausar da ake koya a littafi ba ce, Hausar Kano ce ta tsofaffi, har da jan muryar nan ta mutanen cikin gari. Kafin mu kai hawanmu ta faɗa mini a Fage aka haife ta. Mahaifinta ɗan ƙasar Girka ne, yana sayen gyaɗa da fata, mutanen gari kuwa duk Kwara suke ce musu kamar yadda ake ce wa Larabawan kanti, har suka gaji da gyarawa suka karɓa. Ta bar Kano tana budurwa, ta yi aure a Atina, mijin ya rasu, shi ne ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta nan inda ya buɗe gidan abinci. Tun daga ranar nake ce mata Iya, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai 'yar nan.

Hausarta ta tsaya a inda ta baro ta. Mota a bakinta mato ce, kuma ba ta yarda ba da na ce mata gari ya wuce Bompai tuni. In ta shigo wurina ta gaida yarana suka amsa mata da Turanci ko da Malay, sai ta harare ni ta ce, "Da wane baki za su gaida kakarsu?" Ni da nake taƙama da Hausa, Baturiya ce ta riƙa ba ni kunya a cikin ɗakina.

Sau ɗaya ta kai ni gidan abincin ɗan nata, ban kuma so komawa ba. An shafe bango da fari da shuɗi, an rataye komar kamun kifi da hotunan tsibirai. Ranar Asabar ma'aikata sukan sa wani gajeren siket su jeru suna rawa, a ba baƙi faranti su rotsa a ƙasa, kowa na tafi. Masu yawon buɗe ido ake kawowa mota guda. Ita kuma an ajiye mata kujera a bakin ƙofa tana naɗe shinkafa a ganyen inabi, duk wanda ya shigo sai ya duƙa ya ɗauki hoto da ita. Na tambaye ta ko haka garinsu yake. Ta ce, "'Yar nan, ni ban taɓa taka tsibiri ba. A gidanmu kuwa wanda ya fasa faranti ranar sai jikinsa ya gaya masa." Ta yi dariya, amma ni abin bai ba ni dariya ba, haushi ya ba ni.

Tana da yaya namiji a Ostareliya. Su biyu suka rage cikin duk waɗanda suka yi zaman Fage, kuma in suna waya Hausa suke yi don kada 'ya'yansu su ji gulmar da suke yi a kansu. Wata safiya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta zauna a bakin kujera ba ta ko cire takalmi ba, ta ce ya rasu. Jikinta ba zai ɗauki tafiyar ba, an binne shi ba ta nan. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce akwai abu ɗaya da ya rage a wuyanta, alkamarsa ta arba'in.

Ta yi mini bayani. A wurinsu in mamaci ya cika kwana arba'in ana dafa alkama ɗanya, a haɗa ta da rumman da zabibi da kirfa, a rufe da garin sukari, a raba wa mutane. Koliba suke ce mata. Sharaɗinta shi ne mai ci ya san abin da yake ci. Ba a cewa an gode, ba a cewa ta yi daɗi, sai dai a yi wa mamacin fatan alheri. Ta ce lokacin da kakarta ta rasu a Kano, mahaifiyarta ta dafa ta aika wa maƙwabta, kuma ba wanda ya buƙaci bayani, suna ganin kwanon suka ce sadakar arba'in ce, suka yafa mayafi suka shigo gaisuwa.

"Ku kun san sadaka," in ji ta. "Ki kawo mini matanku."

Na kai maganar wurin matanmu, matan ɗalibai da malaman jami'a da muke haɗuwa a wani gida a Wangsa Maju. Nan take aka rabu. Wata ta ce, "Ni fa I'm not comfortable, ai ba musulmi ba ne." Wata ta ce to makan ɗin ne, wato cin, haramun ko zaman? Sai babbarmu, wadda ta fi mu karatu, ta ce addu'ar gafara daban, gaisuwar maƙwabci daban, ba wanda ya hana mu ba tsohuwa haƙuri. Da na koma ina ta kame-kame wajen faɗa wa Iya, ta katse ni. Ta ce, "Na san naku tun ba a haife ki ba. A Fage ma Allah ya ba da haƙuri suka ce. Ya ishe ni."

Ranar arba'in ɗin ta faɗo a kan ranar da ake baje kolin al'adun ƙasashe a wani babban kanti na cikin gari, kuma ɗanta ya kama rumfa, ya ce ba yadda za a yi a buɗe babu ita a kujerarta. Ta ce to, sai mu same ta a can bayan la'asar, akwai ɗan wuri a bayan rumfar da za mu zauna.

Ni na taya ta aikin. Mun samo alkamar a shagon wani Ba'indiye a nan Sentul. Ta dafa ta har ta fashe kaɗan, muka baza a kan fararen tawul a teburin cin abinci don ta sha iska. Amma iskar garin nan ruwa ce, abu ba ya bushewa, sai da na ɗauko fankata muka haɗa da tata. Ɗanta ya aiko da almon, 'ya'yan itacen nan masu kama da gyaɗa, ta tura gefe, ta ce gyaɗa za ta sa da dabino, don haka mahaifiyarsu take yi a Kano kuma shi yayanta ya sani. Ta sa ni soya gyaɗar, tana tsaye a kaina tana cewa wutar ta yi yawa. Washegari ta tara alkamar a babban tire, ta rufe da sukari, ta shafe da takarda har ya yi sumul, ta jera zabibi ta yi gicciye da haruffan sunansa. Ta hana kowa ɗauka, ita ta rungume tiren a cinyarta a cikin mota.

Mu shida muka je, da manyan mayafanmu, kamar yadda ake zuwa gidan gaisuwa. Ba mu makara ba, wannan zan iya rantsewa, don ni na tsaya a kansu a tashar jirgi har wata tana ce mini sarkin gaggawa. Wurin ya cika maƙil, kiɗa na tashi ta kowace kusurwa. Tun daga nesa na fara ganin mutane riƙe da ƙananan kofunan roba da cokali, abu fari-fari da jan rumman a ciki. Wata budurwa daga rumfar ta tare mu da murmushi, ta miƙo mana faranti cike da kofunan, ta ce, "Try lah, free, grandma's dessert," wai mu ɗanɗana, kyauta ne, kayan zaƙin kaka.

Abin da ya faru shi ne, da rana an sauke masu yawon buɗe ido mota biyu, abin ɗanɗano ya ƙare, ma'aikatan suka leƙa baya suka ga tire mai ado, suka ɗauka na rumfa ne. Iya tana gaba ana ɗaukar hoto da ita. Ba ta ankara ba sai da wani mutum ya tsaya a gabanta yana lasar cokali, ya ɗaga mata babban yatsa ya ce ya gode.

Mun same ta a bayan rumfar, zaune a kan kwalin ruwa, tiren a gabanta. An kwashe tsakiyar duka, sai ɗan abin da ya maƙale a gefe. Ɗanta yana tsaye a kanta yana cewa kuskure ne, ai gobe ma sai a dafa wata. Ba ta ko dube shi ba. Ni raina ya ɓaci, da a gida ne da yaran nan sun ji ta bakina. Babbarmu ce ta fara durƙusawa, muka bi ta, a nan kan siminti tsakanin kwalaye. Ta sa hannu ta yanko ragowar alkamar, ta ci, ta miƙa mana. Sannan ta ce, "Iya, ya haƙuri?"

Iya ta ɗago kai ta ce, "Da godiya."

"Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ba da dangana."

Muka riƙa yi mata ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa daidai, ba ta kuskure ko ɗaya ba. A kan ta huɗu muryarta ta karye, ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Muka bar ta ta yi. A gaban rumfar kuwa an fara fasa faranti ana shewa. Da ta share ido ta kama hannuna ta ce, "Shi dai ya samu mutum shida. In tawa ta zo, 'yar nan, wa zai dafa?"

Na ce mata ta daina wannan magana, da sauranta. Abin da ake faɗa kenan.

Bayan shekara maigidana ya gama karatu muka dawo gida. Mun riƙa waya da ita, tana tambayata farashin gyaɗa da ko an yi ruwa, sannan wayar ta fara yin wuya, kunnenta ya yi nauyi. Labarin rasuwarta ya iske ni a Kano a makare, ta bakin wata daga cikin matanmu da ta ga an cire kujerar daga bakin ƙofa ta tambaya. Da na lissafa, arba'in ta wuce da daɗewa. Wannan abu ya tsaya mini a rai, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Na nemi lambar ɗanta na kira shi na yi masa gaisuwa. Ya karɓa da mutunci, don yana son uwarsa, ban taɓa shakkar wannan ba. Da muka kusa sallama na daure na tambaye shi ko an dafa mata alkama. Ya ce ai kullum ana dafawa. Tun ranar baje kolin nan mutane suke ta tambayarta, shi ne ya sa ta cikin abincin gidan, da hoton Iya a gefe, kuma baƙi suna sonta ƙwarai.